Kwanon Laraba

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Madam Atika ta ce in sayi kaye, wato littafin rubutu, in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakina. Na sayo, ga shi. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da miya. Abin da ya wuce tsakanin safen da ranar kuwa, ni da Ubangijina.

Ita ce matar da likita ya haɗa ni da ita yau a kilinik, wai aikinta koya wa mutane cin abinci. Ni Zuliha, uwar ƴaƴa huɗu, za a koya wa cin abinci, abin da duk unguwar Zariya ta shaida na iya. Na so in yi mata dariya, amma na riga na hau sikeli a gabanta, dariyar ta ƙi zuwa. Lambar ba zan rubuta ta ba.

Likitan bai yi mini kwana-kwana ba. Tansiyo ta hau, wato hawan jini, sukari ya hau, gwiwoyin nan da nake ɗora wa sanyi laifi kuma kaya ne ya yi musu yawa. Ya ce, "Hajiya, akwai mai irin wannan cikin danginku?" Na ce akwai yayata. Ya ce ita ina take karɓar magani? Na ɗaga kai ina kallon fanka. Ya aje bik ɗin da yake rubutu da shi, bai sake tambaya ba.

Hanya biyu ya shimfiɗa mini. Ko in tafi waje a yi mini aiki a rage tumbina, ko in shiga rejim, wato ƙayyade abinci, a hannun Madam Atika, awo duk sati, tafiyar ƙasa kullum. Ya ce aikin yana da sauri, sau da yawa sukarin ma yakan sauka sosai, amma wuƙa ce, kuma da tansiyo irin tawa ba abin wasa ba ne. Rejim babu wuƙa, sai dai yana da jan rai, kuma da yawa cikin masu farawa sukan koma inda suka taso. Ya ce in yi tunani, amma kar tunanin ya yi tsawo.

Laraba, 9 ga Oktoba, da azahar

Kwanon Inna ya zo.

Tun da aka kawo ni Maraɗi amarya, Laraba ba ta taɓa wucewa Inna ba ta aiko daga Tibiri ba: fura damammiya da nono da sukari a babban kwanon sha, tuwo a langa man shanu na yawo a kai. Abdu mai kabu-kabu ke kawowa, tun yana saurayi har ga shi da furfura a gemu. Ni kuma ba na mayar da kwano haka nan, sai na sa sabulu ko goro a ciki.

Da can ƙulli biyu yake ɗaukowa. Ya fara sauke na Yaya Tahira a gidanta, sannan ya ƙaraso nan. Yanzu ma biyun yake ɗaukowa, Inna ba ta rage mudun da take dakawa ba. Sai dai ba ya tsayawa ko'ina sai ƙofata.

Ya ce, "Hajiya, Inna na gaishe ki, ta ce ki shanye tun da sanyinta." Na shanye. Na buɗe na biyun ma don in leƙa kawai.

Madam Atika ta ce in rubuta gaskiya. To, na rubuta.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma a kan kujera na yi sallar asuba. Goshina ya manta da tabarma.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Na faɗa wa Alhaji. Kaka ta yi, hankalinsa duk yana kan buhunan hatsi, amma ya kashe wayarsa ya saurare ni har ƙarshe. Da farko wasa ya mayar da abin. Ya ce, "Yanzu in kika rame, ƴan kasuwa su ce hatsin Ilyasu ya ƙare, har matarsa ta fara nunawa." Na ce to su ce. Ya ce, "Kin san garin nan, mace mai jiki ita ce shaidar gidan mijinta."

Na san garin nan mana. Ni da aka tsare a ɗaki kafin bikina ana ɗura mini fura har ina kuka, Inna na tsaye da ludayi tana cewa ba za a kai ɗiyarta gidan mutane kamar sillen kara ba. Ranar da zanen biki ya ƙi zagaya ni sau biyu, guɗa aka yi.

Da na zo kan maganar aiki sai wasan ya bar fuskarsa. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce in aikin ne mafita, filinsa na hanyar Dan Isa ba abin da zai yi da shi, sai ya sayar. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Amma su sa ki barci a ƙasar da ban san kowa ba, Zuliha." Bai ƙarasa ba, ni ma ban taya shi ba. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Litinin, 14 ga Oktoba, da yamma

Na je wajen Hajiya Maijidda, mai sayen atamfa a hannuna, wadda aka yi wa irin aikin nan a Tunis bara. Da ta fito tarbata na ɗauka ƙanwarta ce. Ta haye benenta tana hira, ni ina biye ina kama ƙarfe ina haki.

Ba ta ɓoye mini komai ba. Sukarinta ya kwanta, ta daina allura. Amma gashinta ya zube a farko, ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin jiki har abada, in ta ƙara loma ɗaya kan ƙa'ida sai amai. Wata maƙwabciyarta har ta hana ƴaƴanta shiga gidan, wai ramar nan ba ta lafiya ba ce. Aka kawo abinci, ta ɗebi nata a ɗan faranti irin na shayi. Ta ce, "Cikina yanzu bai wuce ƙoƙon kamu ba. Ban yi da-na-sani ba, ko kaɗan. Amma ki sani tumbin suke yankewa, kwaɗayin da shi za ki dawo."

Abin haushi, ɗan kwanon da Madam Atika ta nuna mini a ofis ɗinta, wai iyakar tuwona ke nan, bai fi farantin Maijidda da komai ba. Ashe duk hanyar da na bi, a ɗan kwano zan sauka.

Zan rubuta abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba saurin aikin ne ke jan raina ba. In an yanke, ba ni na ƙi abincin Inna ba, ciki ne ya ƙi. Sai in ce mata Umra na je na dawo da ciwon ciki, ta yi ta yi mini addu'a. Na fi iya kwanciya a gaban wuƙa da in dubi tsohuwar nan in ce mata na ƙoshi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Na yi dabara. Da Abdu ya kawo ƙullin, na ce ya zauna a zaure ya sha furar, tuwon kuma a juye masa ya kai wa iyalinsa. Ya ce, "Hajiya, abin uwa ne hwa." Na ce uwar kowa ce. Na ja masa kunne kar ya kuskura ya faɗa. Na wanke kwanonin, na sa sabulu da goro, ya mayar.

Ni kuma na ci dafaffen kabeji da ɗan tuwo a kwanon Madam Atika. Ina gamawa na ji kamar ban wanke hannu ba tukuna. Har la'asar ƙamshin man shanun bai bar zauren ba, sau biyu ina fita ba tare da wani dalili ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Gwaggonni sun aiko da akwatin kayan Yaya. Tun bayan sadakar arba'in aka raba sauran, suturar ce aka rasa mai ɗauka. Duk dangi ba wadda za su zauna wa sai ni.

Na gwada shuɗiyar rigar nan tata ta shadda, wadda ni na sayar mata da yadin. Ta zauna mini cif, ko allura ba sai an sa ba. Har turarenta na nan a wuyan.

Na cire, na ninke. Ban ci abincin rana ba, kuma ba don Madam Atika ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Alhaji ya kai ni Jiratawa a mota, wai in tafiyar ƙasa ce gara in yi ta inda ba wanda ya san ni. A Zariya in na fita da ƙafa, kafin in kai bakin titi kabu-kabu uku sun tsaya, mata na leƙowa suna tambaya ko motar Alhaji ce ta lalace.

Mun bi gefen hanyar ruwa, gonakin zogale kore shar hagu da dama. Ban yi nisa ba gwiwa ta ce ita ta gama. Na zauna a bakin siminti ina numfashi kamar wadda ta yi daka. Wata tsohuwa mai tsinkar ganye ta dube ni ta ce, "Sannu Hajiya, Allah ya ƙara daɗi, jikin nan ya ji hutu." Na ce amin, me zan ce? Ta girmi Inna, amma ta ɗora buhu a ka ta wuce ni kamar yarinya.

Na sayi zogale mai yawa. Da muka tashi komawa na ƙara ƴar tafiya kaɗan, har wata bishiyar mangwaro da na sa wa ido. Na kai. Na ji daɗi fiye da yadda abin ya cancanta.

Talata, 22 ga Oktoba, da rana

Awo. Sikeli ya ɗan motsa, da ƙyar, kamar an roƙe shi. Madam Atika ta ce madalla. Na ce a haka sai jikokina sun yi aure. Ta ce, "Hajiya, shekara nawa kika yi kina tarawa?" Yarinyar nan tana da baki, amma tana da kirki.

Na tambaye ta gaskiya, in ita ce ni wanne za ta zaɓa. Ta ce ba za ta zaɓar mini ba. Ta ce akwai waɗanda ita da bakinta take cewa su tafi a yi musu aikin, don jikinsu ba zai jira rejim ba, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ko aikin zan yi, sai tansiyo ta sauka tukuna, kuma in na dawo hannunta zan dawo. Ta ce, "Abin da na fi gani yana kayar da mutane ba yunwa ba ce, mutanen gida ne." Ban ba ta labarin Laraba ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, da azahar

Abdu ya sha, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Na sa sabulu da goro.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Abdu ya zo ba ranar zuwansa ba, ya tsaya a zaure yana murza hula. Ashe da ya mayar da kwanonin, Inna na karɓa sai bakinsa ya ce, "Allah shi saka da alheri Inna, hurar nan ta ji nono." Ya ce wallahi bai san sanda ta fito ba. Shi tun da aka haife shi bai taɓa cin abincin mutum ya ga mai shi bai sa albarka ba.

Na ce sai me ta yi? Ya ce ta dube shi, ta dubi kwanon, ta kwashe sabulun da goron ta zuba masa a hannu, ta shige ɗaki.

Na kira wayar gidan. Yarinyar maƙwabta ta ɗauka, ta ce Inna na barci. Inna ba ta taɓa barcin hantsi ba.

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Na kira. Tana salla.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwano bai zo ba.

Na ce wa kaina ai abin da nake so ke nan. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai na ɗaga kai.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da yamma

Ina auna wa wata mata yadi da safe sai na ji hannuna na hagu ya yi nauyi, almakashi ya faɗi. Kaina ya sara. Na zauna ina taɓa bakina da ɗayan hannun, ina jin ko yana nan daidai. Na san abin da nake dubawa. Na taɓa ganinsa a fuskar Yaya, a tsakar gidanmu na Tibiri, ludayi na hannunta.

Alhaji ya baro kasuwa ya kai ni kilinik. Bayan awo da gwaje-gwaje likita ya ce wannan karon an tsallake, ya ƙara mini magani. Ya ce, "Hajiya, tunanin nan ya fara tsawo." A mota Alhaji ya ce gobe zai nemo mini fasfona. Ban ce a'a ba.

Ina tsoro. Na rubuta ne don ban iya faɗa da baki.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je Tibiri. Shuɗiyar rigar na sa. Na tsaya gaban akwati na daɗe kafin in ɗauke ta, don haka ba zan ce kuskure ne ba.

Inna na zaune a gindin turmi tana tankaɗe. Na yi sallama daga zaure, rana na bayana. Ta ɗago, rariya ta suɓuce mata. Ta ce, "Tahira."

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sunkuya tana tattara garin da ya zube, tana magana ba ta dube ni ba. "Hurata kinka ba mai kabu-kabu. Ni da tsuhwana, in tashi tun da assalatu in daka, ki ba mai kabu-kabu." Na ce likita ne ya hana. Ta ce, "Su dai. Haka sunka yi ma yayarki. Sunka hana mata gishiri, sunka hana mata mai, ina gani ɗiyata tana zubewa. Ni ban iya kallon wanga abu sau biyu."

Na so in ce mata Yaya ba ta yi wata biyu a rejim ɗin ba ta bari, kuma mu duka mun san kukan wa ya sa ta bari. Ban faɗa ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na jawo kujera na zauna, don ba na iya durƙusa mata kamar da. Na ce, "Inna, dubi rigar nan. Ban rage ta ba, ban buɗa ta ba." Na ba ta labarin almakashi. Na ce akwai masu yanke tumbi a wata ƙasa, kuma na kusa tafiya in yi mata ƙaryar Umra, don kawai kar in ce mata na ƙoshi.

Ta ce, "Su yanka ki?" Na ce in ya zama dole. Ta ce, "Saboda hurata?" Na ce, "Saboda ban iya mayar miki da ita."

Ta miƙo hannu ta kama bakin hannun rigar, tana murza shi tsakanin yatsunta. Ta ce, "Ni ban san wani abin da uwa ka ba ɗiyarta ba in ba abinci ba." Ta shiga ɗaki, na jira har aka kira la'asar ba ta fito ba. Yau ne karo na farko da na bar gidanmu ba a ba ni ko ruwa ba. Ban ji haushinta ba. Tausayinta ne ya cika ni har na rasa inda zan sa shi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da rana

Yau ranar randebu, na ga likita da Madam Atika tare. Mun tsaya a kan zan yi ƴan watanni a rejim da magani, su riƙa duba ni. In jiki ya karɓa, shi ke nan. In bai karɓa ba, ko hannun nan ya sake yi mini gargaɗi, sai maganar tafiya. Fasfo yana cikin durowa, Alhaji bai sayar da filin ba, bai kuma cire shi daga ransa ba.

Na faɗa wa Madam Atika labarin Laraba duka. Na ce na san kaina. In kwanon nan ya dawo yadda yake, bayan abin da ya faru, sai na shanye shi, kuma ranar ce zan ce a nemo mini tikiti. In kuma bai sake zuwa ba, ban san wanne ya fi ba. Ba ta ba ni wata shawara ba, ta dai riƙe mini hannu.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da azahar

Na ji tsayuwar babur ɗin Abdu, na san ƙararsa. Na fito na tarar da shi a zaure babu komai ɗaure a bayan babur. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ɗan ƙulli, ƙwaya ɗaya.

Na kwance. Ɗan ƙoƙo ne, ya yi baƙi don tsufa, da ɗinkin zare a gefe inda ya taɓa tsagewa. Na gane shi. Da shi aka yaye Yaya, da shi aka yaye ni. An rufe shi da murfin gwangwani an ɗaure tam. Fura ce a ciki, ba ta kai ludayi uku ba.

Abdu ya ce, "Ta ce babu sukari. Ta ce in tsaya in gani da idona ke kika sha, in na kuskura na taɓa ta, in nemi wata uwar." Ya ƙara da cewa, "Ta ce kuma ki shanye, kar ki rage."

Na zauna a dakalin zaure na sha. Tsami gare ta, Inna ba ta iya dama fura ba sukari ba. Na shanye, na sa yatsa na suɗe. Abdu ya juya baya yana ta goge madubin babur ɗinsa, har na gama share fuskata.

Na wanke ƙoƙon na ɗauko sabulu, ya ƙi shiga. Goro ɗaya ne ya samu wuri, shi na sa.